Amsoshin Tambayoyinku: Littafin kalmomin sirri da sabon jami'in kwamfuta

TAMBAYA: Malam, ni ce nake kula da harkokin ma'aikata a wani asibiti mai zaman kansa a Zariya, mu kusan arba'in ne. Muna da saba guda a wani ɗan ɗaki kusa da ɗakin kati, da manhajar bayanan marasa lafiya, da imel na asibiti, da intanet, da kyamarorin tsaro, da manhajar albashi. Wanda ya haɗa mana duk waɗannan ya samu aiki a Abuja, ya tafi a watan jiya. Da zai tafi ya bar mini wani littafi da ya rubuta dukkan kalmomin sirri a ciki. Yanzu mun ɗauki wani matashi da ya gama HND, zai fara aiki ranar Litinin ta sama. Likita mai asibitin ya ce in miƙa masa littafin kawai, ya ɗora daga inda wancan ya tsaya. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Amma kuma ina jin nauyin in riƙe wani abu, kada yaron ya ɗauka zarginsa muke yi tun bai fara ba, alhali ɗan mutunci ne, wani dattijo da muke girmamawa ne ya kawo shi. Ga shi ni ban san kwamfuta ba sai abin da ba a rasa ba. Yaya zan yi? Sannan ya ce yana da laftof ɗinsa mai kyau, da ita zai riƙa aiki. Mu bar shi?

Daga wata mai karatu, Zariya.

AMSA: Hajiya, hankalinki ya yi gaskiya da ya ƙi kwanciya. Kada ki miƙa masa littafin nan. Dalilin kuwa bai shafi halin yaron ba ko kaɗan. Ko da limamin unguwarku kuka ɗauka, amsar ba za ta sauya ba, domin aibin yana jikin littafin ne.

Dubi abin da ke cikinsa. Kowace kalma da ke rubuce a nan akwai wanda ya haddace ta a Abuja, mutumin da ba ya cin albashinku yanzu. Sannan galibin irin waɗannan kalmomi na asusun da ba ya ɗauke da sunan kowa ne, wanda ake ce wa admin kawai. Idan mutum biyu ko uku suna shiga da shi, ranar da fayil ya ɓace, ko sirrin wata mara lafiya ya fita gari, kwamfuta za ta ce admin ne ya yi. Admin kuwa ba mutum ba ne da za a kira ofis a tambaye shi. Wa za a kalla? Sabon zuwa mana. Shi ne baƙo, shi aka ga yana shige da fice a ɗakin saba. Idan kin miƙa masa littafin don ki mutunta shi, kin ɗora masa alhakin duk wanda ya taɓa leƙa shafukan nan, har da masinjan da ya taɓa ɗauko miki shi daga durowa.

Saboda haka aikin farko ba na ranar Litinin ba ne. Na wannan makon ne, kuma da wanda ya tafi za a yi shi, tun ana ganin mutuncin juna, tun yana ɗaga waya. Akwai tambayar da littafin ba zai amsa miki ba: da sunan wa aka buɗe abubuwan? Sunan shafinku na intanet, wanda imel ɗinku ya rataya a kansa, an yi masa rajista ne a wurin wani dillali, ana sabunta ta da kuɗi lokaci-lokaci. Idan ya ƙare da .ng, ƙungiyar NiRA ce ke kula da rajistar ta hannun dillalanta. Abin da aka saba gani a ƙananan ofisoshi shi ne mai haɗa kayan ya yi rajistar da Gmail ɗinsa da lambar wayarsa, ba da wata mugunta ba, sai don su ne a kusa ranar da ake sauri. Haka asusun kamfanin da ke ba ku intanet, haka babban asusun imel, haka manhajar kallon kyamarori ta waya. Ke kina riƙe da kalmar sirri, shi yana riƙe da hanyar sauya ta, domin duk lokacin da aka danna cewa an manta, wayarsa saƙon zai tafi. Ki samo layin waya na asibiti da adireshin imel na asibiti, a mayar da duk waɗannan rajistoci kansu. Layin ya zauna a hannunki ko hannun Likita, a riƙa sa masa kati ana kira da shi, don layin da ya daɗe a kwance kamfanin waya kan karɓe shi ya sayar wa wani.

Za ki ce ai wanda ya tafi mutumin kirki ne. Wataƙila haka ne, ban kuma ce ki zarge shi ba. Sai dai manyan kamfanoni ma sun ji jiki a wannan gaɓa. Wani injiniya ya ajiye aiki a kamfanin Cisco na Amurka a watan Afrilun 2018. Wata biyar bayan tafiyarsa ya shiga ma'ajiyar kamfanin ta intanet, ya goge sabobi 456, asusun masu amfani da manhajar WebEx Teams fiye da 16,000 suka tsaya, wasu har mako biyu. An ɗaure shi shekara biyu, amma ɓarnar ta riga ta haura dala miliyan biyu. Kuma ba lalle sai mai asusun ya yi nufin sharri ba. A 2021 masu kutse sun shiga kamfanin Colonial Pipeline, mai tura kusan rabin man da gabashin Amurka ke sha, ta wani tsohon asusu da aka daina amfani da shi amma ba a rufe ba, wanda kalmar sirri kaɗai ke tsaronsa. Bututun ya tsaya kwanaki, Amurkawa suka ɗanɗani layin mai, kamfanin ya biya fansar dala miliyan 4.4. Wayar tsohon ma'aikacinku tana iya faɗuwa a Keke Napep gobe, ɗauke da duk abin da ke cikinta.

Doka ma tana bayanki. Dokar laifukan intanet ta Nijeriya ta 2015 ta wajabta wa ma'aikaci, na gwamnati ko na kamfani, ya miƙa dukkan lambobin sirri da izinin shiga da zarar ya bar aiki, kuma riƙe su ba tare da hujja ba laifi ne da ke iya kai mutum kurkuku. Ban faɗa don ki yi wa kowa barazana ba. Na faɗa ne don ki san abin da za ki nema haƙƙin asibiti ne, ba alfarma ba.

To, ranar Litinin. Na san abin da ke ranki: in ban ba shi littafin ba, wa zai buɗe masa asusu, tunda ni ban iya ba? Ku zauna tare. Littafin a hannunki, shi a gefenki yana nuna miki inda za ki danna. Ke za ki buga tsohuwar kalmar, shi ya kawar da kai. Idan an shiga, ya buɗe wa kansa asusu da cikakken sunansa kina kallo. Kuma biyu zai buɗe, ba ɗaya ba. Na farko irin na kowane ma'aikaci ne, da shi zai karanta imel, ya shiga intanet, ya rubuta rahoto. Na biyu mai iko ne, ba ya taɓa shi sai lokacin da zai yi aikin gyara, yana gamawa ya fita. Hikimar ita ce, mugun saƙon da mutum ya buɗe yana aiki ne da ikon asusun da aka buɗe shi a ciki. Idan a ƙaramin asusu ne, ɓarnar takan taƙaita ga abin da asusun ke iya taɓawa. Idan a babba ne, tana iya isa saba kafin a idar da sallar azahar.

Bayan haka sai sauya kalmomin da ke littafin, dukkansu, har ta rauta mai rarraba intanet da ta na'urar naɗar kyamarori, waɗanda aka fi mantawa da su. Amma a bi a hankali. Wasu kalmomin ba mutane kaɗai ke amfani da su ba. Manhajar da ke kwafe bayanai da dare, ko wadda ke haɗa ɗakin gwaji da ɗakin kati, tana iya riƙe da tsohuwar kalmar a cikinta, kuma in aka sauya sai ta tsaya shiru ba wanda ya sani, sai ranar da aka nemi kwafin aka tarar babu. A fara ɗaukar kwafin ajiya, a sauya ɗaya bayan ɗaya, a gwada kowanne. Kada a taɓa na saba ranar awon ciki da asibiti ya cika maƙil. Yammacin Asabar ya fi.

Yanzu ga tambayar da ta fi damunki, wato nawa za a ba shi. Masana sun daɗe da yanke wannan hukunci. A 1975 Jerome Saltzer da Michael Schroeder, malamai a jami'ar MIT, suka rubuta wata takarda kan kare bayanai a kwamfuta, kuma cikin ƙa'idojin da suka jera akwai cewa kowane mutum da kowace manhaja su yi aiki da mafi ƙarancin ikon da aikinsu ke buƙata. Shekara hamsin ke nan ba a samu abin da ya fi ta ba. Ɗan kasuwar Kantin Kwari bai karanta takardar ba, amma da ita yake aiki. Sabon yaro yakan fara da tsayuwa a shago yana warware atamfa, sai an kwana biyu a ba shi makullin sito, sai an ga kamun ludayinsa a fara aikensa banki, kuma ba yaron da yake cewa an ci mutuncinsa don ba a haɗa masa duka a ranar farko ba.

A makon farko, abin da yake buƙata kaɗan ne: ikon sabunta wa ma'aikata kalmar sirri idan sun manta, ikon gyara kwamfutocin tebur da firinta, da ikon ganin yadda aka tsara hanyoyin sadarwa ba tare da ya iya sauya su ba. Masu yin manhajojin sun tanadi waɗannan matakai. Idan imel ɗinku na Microsoft 365 ne, akwai matsayin Helpdesk Administrator, ƙasa da babban matsayi na Global Administrator. Idan na Google Workspace ne, babban shi ne Super Admin, kuma akwai ƙanana a ƙarƙashinsa. Idan rautarku MikroTik ce, tana da rukunin masu gani kawai daban da rukunin masu cikakken iko. Ba sai kin haddace waɗannan sunaye ba. Ki tambaye shi kawai: wane ne ƙaramin matsayin da zai ishe ka aikin wannan makon? Yadda ya amsa zai nuna miki irin ma'aikacin da kuka samu. Wanda ya san aikinsa yakan ji daɗin wannan tambaya. Wanda ya ce shi dai a ba shi komai, ko bai san akwai matakan ba ne, ko bai damu da su ba, kuma duk biyun abin lura ne.

Ba zan ɓoye miki ba, a wurin da jami'in kwamfuta ɗaya ne tak, ba da daɗewa ba zai buƙaci iko a kan kusan komai. Saba za ta tsaya da tsakar dare, shi za a kira. Don haka ba hana shi za a yi ba, jinkirtawa za a yi har ya san gidan, wata ɗaya zuwa uku, ko zuwa ƙarshen lokacin gwajinsa. Abin da ake tsoro a wannan tsakani kuskure ne, fiye da ha'inci. Ranar 31 ga Janairun 2017 wani ƙwararren injiniya a kamfanin GitLab, yana aiki cikin dare a gajiye, ya buga umarnin gogewa a kan babbar saba alhali yana zaton ta biyun yake kai. Kafin ya farga bayanai kusan gigabait 300 sun tafi. Da aka koma kan hanyoyin ajiya guda biyar da kamfanin ke taƙama da su, sai aka tarar ba wadda ke aiki yadda ya kamata. Wani kwafi da aka ɗauka da hannu awa shida kafin nan ne ya cece su, aikin waɗannan awanni shida kuwa ya tafi. Wannan mutum ne da ya san sabobinsa ciki da waje. Ina ga wanda bai ma gama sanin wace waya ta tafi ɗakin tiyata ba? Shi ya sa nake ba da shawara aikinsa na farko mai nauyi ya zama dawo da kwafin ajiya a wata kwamfuta daban, a gabanki, ki ga sunayen marasa lafiya na jiya sun fito. Idan ya yi wannan, ya cancanci a ƙara masa iko, kuma kun san ajiyarku tana da rai.

Akwai kuma abubuwan da ba sa cikin aikinsa ko ya shekara goma. Asusun banki na asibiti da na'urar tabbatar da tura kuɗi ba ruwansa da su. Manhajar albashi zai iya girka ta, ya kwafe ta, amma ba ya buƙatar asusun da zai buɗe ya ga nawa kowa ke karɓa. Haka manhajar marasa lafiya: ya iya buɗe wa sabuwar nas asusu, ya rufe na wadda ta tafi, amma karanta katin mutum aikin likita ne da nas. A gari irin Zariya wannan ba ƙaramar magana ba ce. Wadda ta zo gwaji yau tana iya zama matar maƙwabcinsa, ko yarinyar da ƙaninsa ke nema. Ki tambayi kamfanin da ya sayar muku da manhajar ko tana raba ikon kula da asusu da ikon duba kati, kuma ko tana ajiye kundin wanda ya buɗe wane kati da ƙarfe nawa. Manhajar kirki tana yi. Gaskiya ne wanda ke riƙe da saba, in ya nace, yana iya kai wa ga abin da ke cikinta ta bayan gida. Maganin wannan shi ne kundin shige da fice da wani ke dubawa, da takardar riƙe sirri da zai sa wa hannu. Dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta sa bayanin lafiyar mutum cikin bayanai masu buƙatar kariya ta musamman, kuma ta ce idan aka samu ɓarakar da ke iya cutar da masu bayanan, a sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC cikin awa 72. Asibiti za a tambaya, ba yaron ba. Wannan hujja ce da za ki kai wa Likita, kuma ina kyautata zaton zai saurara.

A nan zan tsoma wata magana da ba ki tambaya ba. Ki sanar da dukkan ma'aikata cewa jami'in kwamfuta ba ya karɓar kalmar sirrin kowa. Ɗabi'ar nan ta "ga kalmata, ka gyara mini kafin in dawo daga zagayen ɗakuna" ita ke rushe duk abin da muka gina a sama, don daga nan ba a iya bambance aikin nas da nasa. In dole ne ya shiga asusun mutum, ya sabunta kalmar da saninsa, mai asusun ya sake sauya ta da kansa bayan an gama.

Game da kalmomin kansu ba zan tsawaita ba. Ta farko a ba kowane sabon ma'aikaci hannu da hannu, ta wucin gadi, wadda kwamfuta za ta tilasta masa sauyawa a shigar farko. Kada ta bi ta WhatsApp. Tsawo ya fi ado: kalmomi huɗu ko biyar da ba su da dangantaka da juna sun fi sunan asibiti da shekara da alamar motsin rai. Tun 2017 hukumar NIST ta Amurka ta daina ba da shawarar tilasta sauya kalma duk bayan 'yan watanni, domin abin da hakan ke haifarwa shi ne mutane su ƙara lamba ɗaya a ƙarshe. A sauya idan akwai dalili, kuma tafiyar ma'aikaci dalili ce. Littafin kuma a maye gurbinsa da manhajar adana kalmomi irin Bitwarden ko KeePass, mallakar asibiti. Abin da ba zan yi sassauci a kansa ba shi ne tabbaci na biyu a kan duk asusu mai iko, wato lambar nan da ke sauyawa duk daƙiƙa talatin a manhaja irin Google Authenticator ko Microsoft Authenticator. Ta fi ta saƙon tes aminci, tunda mun san yadda 'yan damfara ke sace layin mutum.

Sai kuma akasin matsalar, wadda ita ce ta fi kama ƙananan ofisoshi: ranar da komai ya koma hannun mutum ɗaya. A Yulin 2008 birnin San Francisco ya wayi gari ba ya iya shiga babbar hanyar sadarwarsa. Injiniyan da ya gina ta, Terry Childs, shi kaɗai ya san kalmomin, kuma ya ƙi ba shugabanninsa don yana ganin ba su cancanta ba. An kama shi, ya ci gaba da ƙi, sai da magajin garin na lokacin, Gavin Newsom, ya taka da kansa zuwa gidan yari kafin ya miƙa su. A 2010 aka yanke masa shekara huɗu. Naku ba sai ya kai ga taurin kai ba. Zazzaɓi ya isa, ko hatsari a hanyar Kaduna, Allah ya kiyaye. Don haka a buɗe asusun gaggawa mai cikakken iko wanda ba na kowa ba ne, a rubuta kalmarsa a takarda, a sa a ambulan, a liƙe, ke da Likita ku sa hannu a kan maliƙar, a kulle a sef. Microsoft da kansa yana ba da shawarar a ajiye irin wannan asusu guda biyu, kuma masu babban matsayi su kasance ƙasa da biyar. A wurinku Likita da jami'in da ambulan sun isa. Duk bayan 'yan watanni a buɗe a gwada, a sauya kalmar, a sake liƙewa. Ambulan ɗin da ba a taɓa gwadawa ba bai kamata a dogara da shi ba.

Akwai abu ɗaya da nake so ki yi wa yaron nan, wanda ya fi littafin daraja nesa ba kusa ba. Ki ba shi ikon cewa a'a. Sabon jami'in kwamfuta shi ne wanda 'yan damfara suka fi so, don bai san muryoyin mutane ba tukuna, kuma yana son ya burge. A Yulin 2020 da aka ƙwace shafukan Barack Obama da Bill Gates da Elon Musk a Twitter, ba wata na'ura aka fasa ba. Waya aka yi wa ma'aikata, aka yaudare su, har aka kai ga kayan aikinsu na cikin gida, aka taɓa asusu 130. A wurinmu abin ya fi sauƙi, saboda tarbiyya. Matashi ɗan shekara ashirin da 'yan kai zai ga saƙo daga baƙuwar lamba ɗauke da hoton Likita: ina taro a Kaduna, wayata ta lalace, ka sabunta mini kalmar imel ka turo nan yanzu. An rene shi a kan cewa ba a yi wa babba musu. Yaya zai ce ranka ya daɗe, ban yarda kai ne ba? Ba zai iya ba, kuma bai kamata a bar masa wannan nauyi ba. A rubuta doka, Likita ya sa hannu, a manna a bangon ofishinsa: ba a sabunta wa kowa kalmar sirri ta waya ko ta saƙo, sai ya zo da kansa, ko a kira shi a lambar da ke cikin fayil ɗinsa, kuma wannan ya haɗa da mai asibiti. Daga nan yaron zai iya cewa, yallaɓai, dokar da ka sa wa hannu ce ta ɗaure ni. Haka ma idan wani babban likita ya tare shi a baranda ya ce a buɗe wa ɗan'uwansa da ya zo sanin makamar aiki manhajar kati. Amsarsa ita ce a bi ta ofishin Hajiya a cike takarda.

Takardar kuwa shafi ɗaya ce, kuma nan ne aikinki yake, ba ya buƙatar sanin kwamfuta. Sunan ma'aikaci, wurin da aka buɗe masa, matsayin da aka ba shi, ranar da aka ba shi, wanda ya amince, da fili a ƙarshe na ranar rufewa. Ki fara da ta sabon jami'in, sannan ta kowa. Duk wata uku ki zauna kusa da shi ya buɗe miki jerin asusun da ke cikin kowace manhaja, ki gwada da jerin masu karɓar albashi. Zan yi mamaki in a zaman farko ba ki ga sunan nas ɗin da ta yi aure ta koma Sakkwato shekara biyu da suka wuce ba. Ki tambaya kuma ko akwai AnyDesk ko TeamViewer a kan saba da kamfanin manhaja ke shigowa ta ciki. In akwai, a rufe, a riƙa buɗewa ranar da aka kira su, a rufe bayan sun gama. Ita wannan takarda ce za ki ɗauko ranar da shi ma ya samu nasa aikin a Abuja, ki bi layi-layi kina sokewa kafin ya fita ƙofa, maimakon ki zauna kina tunanin me da me ya sani.

Yadda za ki gabatar masa da zancen ba shi da wuya. Ki ce, mun ga yadda aka bar mana abubuwa bai yi tsari ba, muna so mu gyara tare da kai, komai da sunan mai shi, don kada wata rana a ɗora maka abin da ba kai ka yi ba. Ki sa shi ya zana tsarin da kansa, ya kawo ku duba. Dattijon da ya kawo shi ma, in ya ji bayanin, zai gode miki.

Batun laftof kuwa, a'a. Ban san abin da ke cikinta ba, ke ma ba ki sani ba, wataƙila shi ma bai sani ba, musamman in akwai manhajojin bulus da aka sauke daga ko'ina, ko in ƙannensa na kallon fim da ita da daddare. Kuma ranar da zai tafi ba ki da hurumin karɓar kayansa ki goge. Asibiti ya ba shi kwamfuta, ko da ta hannu ce daga kasuwar Farm Centre, a goge ta tas a sake girka Windows na asali, a kunna BitLocker don in an sace ta ba a iya karanta abin da ke ciki. Da ita kaɗai zai riƙa shiga asusunsa mai iko. In kuɗin bai samu ba kafin Litinin, a ware masa ɗaya daga cikin kwamfutocin tebur na ofis. Tasa ya zo da ita in yana so, ya hau intanet ɗin baƙi, wanda ya kamata a raba shi da hanyar da saba take kai. In ba a raba su ba tukuna, ki sa wannan cikin ayyukansa na watan farko.